Ƙodar Bukar da Tumbina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kwanta jinya alhali lafiyata ƙalau ba, dangi suka cika min gida da sannu, har aka yi min tayin ƙoda.

Ni mutum ne mai jiki. (Haka masu kara suke faɗa. Marasa kara, irin direbobin motar Gaya zuwa Kano, kallo ɗaya suke min su ce kujerar mutum biyu zan kama.) A gidanmu kuwa ƙiba ba aibi ba ce. Gwaggo Yagana, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni a Gafasa, in ta gan ni sai ta riƙa nuna wa mutane, wai ga alamar yaro ya samu aikin gwamnati. Ni ma na yarda da ita, na yi ta ɗura tuwo da man shanu, har gwiwoyina suka fara ƙorafi. Hawan jini ya zo, ciwon suga ya biyo bayansa. Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da na fara ɗaukar kujerar roba zuwa masallaci, saboda in na yi sujada sai an kama ni nake tashi. Ga ni a ƙarshen sahu tare da sa'annin babana, ko hamsin ban kai ba.

Wani likita a Kano ne ya kawo min maganar aikin rage tumbi, wanda ake yi don ɗan abinci kaɗan ya riƙa ƙosar da mutum. Bai ɓoye min komai ba. Ya ce aiki ne babba mai haɗarinsa, bayan an yi kuma cin abinci zai koma cokali-cokali, ga magungunan gina jiki da zan yi ta sha har iya rayuwa. Ya ce in je in yi tunani, in yi shawara da iyalina, babu gaggawa.

Tunani aka ce in yi, amma tun a mota na riga na hango kaina a kan gadon tiyata. Kun san al'adarmu, wanda za a yi wa aiki yakan nemi yafiyar 'yan uwa, don ba a san gawar fari ba. Ina isa gida na ɗauki waya na bi dangi ɗaya bayan ɗaya, ina cewa wataƙila za a yi min aiki, a yafe ni, a sa ni a addu'a. In an tambayi aikin mene ne sai kunya ta kama ni, in ce na ciki ne dai. Ƙato da ni zan buɗe baki in ce tuwo ne ya yi min yawa? Matata Falmata ta ce, "Baban Ummi, ko rana fa ba a sa ba." Na ce mata neman yafiya ba ya jiran rana.

Zance ya tashi daga Gaya, ya ratsa Ajingi ranar kasuwa, kafin ya isa Gafasa ya yi ƙibar da ta fi tawa. Ciwon ciki ya zama ciwon ƙoda.

Ranar Asabar da hantsi ina zaune a tsakar gida da singileti sai na ji mota ta tsaya. Falmata ta leƙa ta dawo ta ce mutanen Gafasa da na Kademi ne, mota guda, sun zo dubiya. Mai hankali fita zai yi ya tare su ya yi bayani. Ni kuwa ɗaki na ruga (gudun da na yi shekaru ban yi irinsa ba), na haye gado, na ja zani har wuya.

Suka shigo kowa da kwanonsa, mai fura da nono, mai dambu, mai farfesun kaza. Ana min sannu ina amsawa da 'yar siririyar murya. Wata har da cewa wallahi na rame. Gwaggo ta zauna a bakin gado ta dafa goshina tana hawaye, ta ce tun da ta ji labari abinci bai wuce mata ba. Na ji tausayinta ƙwarai, amma ƙarya ta riga ta yi nisa, ban san ta inda zan juyo ba.

Da aka kira azahar maza suka tafi masallaci, mata suka fita alwala, aka bar ni da farfesu daidai kaina. Kazar gida ce, ta sha citta da masoro. Na ce bari in ɗan kurɓi romon kawai. Romo ya kai ni ga fuffuke, fuffuke ya miƙa ni ga cinya. Ina zaune daram, zani a ƙasa, maiƙo har gwiwar hannu, sai aka ɗaga labule.

Bukar ne, ɗan Gwaggo, manomi siriri kamar karan dawa, sauran dangi suna biye da shi. Bai ma lura da kazar ba, don kansa a sunkuye yake. Ya durƙusa gabana ya ce, "Yaya, na yi magana da mai ɗakina, ta amince. An ce mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya. In tawa za ta yi maka, a cire a sa maka. Gonar bana Allah zai kawo yadda za a yi."

Mutumin nan yana da ƙananan yara, ga damina ta gabato, ya zauna ya yi shawara zai ba ni ɓangaren jikinsa, ni kuwa ga ni da cinyar kaza a hannu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige (ko da yake sai ta tsage da faɗi sosai). Na ajiye cinyar na ce, "Bukar, ƙodata lafiyarta ƙalau. Tumbi ne ake so a rage min, kuma ko shawara ban yanke ba."

Gwaggo ta share hawayenta, ta dube ni, ta dubi kwanon, ta ce, "Tumbin da na sha wahalar ginawa tun kana yaye, shi za ka kai wa wani ya yanke?" Dariya ta ɓarke har tsakar gida. Wadda ta ce na rame ta miƙo hannu ta janye farfesunta.

Da dariya ta lafa na ba su labarin kujerar masallaci. Gwaggo ba ta san da ita ba. Sai ta ce in aikin ne zai mayar da goshina ƙasa, ita ta yarda a yi. Bukar ya ce kafin a kai ga wuƙa in gwada fartanya. Da na koma wurin likita ya ce hanyar ai ɗaya ce, ko aikin za a yi sai na fara motsa jiki na koyi cin kaɗan. Tun daga nan ƙarshen mako a gonar Bukar nake yinsa, Gwaggo kuma da kanta ta sauya min kwano da ƙarami, tana zubawa tana ƙunƙuni.

Har yau ban yanke hukunci ba, kuma hankalina kwance yake. Suga ya ɗan sauka, tumbi yana nan amma ya rage girman kai. Likita ya ce ƙofa a buɗe take, in kuwa ta kama a yi aikin, wannan karon da bakina zan faɗi sunansa. Kujerar roba ta koma tsakar gida, Ummi ke zama a kai a yi mata kitso. Ina kai goshina ƙasa, tashi sai da nishi, amma ni nake tayar da kaina.

Abin da na koya shi ne kada ka nemi yafiya likita bai sa rana ba, in kuma ka kwanta ciwon ƙarya, a nisanta farfesu da kanka. Bukar kuwa duk sanda ya ga na miƙa hannu neman ƙari, sai ya dafa kwiɓinsa ya ce, "Ci a hankali, Yaya, ɗaya ce tak ta kyautar." Sai in janye hannuna.