Yadda Za Ka Mallaki Taraktar Zinariya Ba Ka Kashe Ko Sisi Ba

Kai mai waya a hannu, matso kusa. Bi matakan nan shida, na yi maka alkawari za ka kai ƙarshen kowane wasan waya na kyauta aljihunka bai ji ko ƙwarzane ba. Na gwada su a kan maƙwabcina Mai Aski, kuma yana nan da ransa.

1. Ka yarda kyauta ne

Tunda an rubuta kyauta, kyauta ne. Mai Aski wasan gona ya sauke: ka shuka masara, ka jira minti biyu, ka girbe, a ba ka tauraro. Tauraro dubu goma ke sayen taraktar zinariya. In bayan mako guda minti biyun ya koma awa takwas, kada ka ɗaga hankalinka. Haƙuri ake koya maka, ba a kuma nemi kuɗin makaranta ba.

2. Ka nemi abokin hamayya cikin dangi

Bare ba ya ƙona rai yadda ya kamata. Auta, ƙanin matar Mai Aski, ya leƙo shago ya leƙa wayar.

"Yaya, har yanzu da fartanya kake fama? Ni dannawa na yi na biya, shayina bai huce ba tarakta ta iso."

"Wannan ba noma ba ne, cefane ne," in ji Mai Aski. "Ba ni wata shida. In ban hau ta ba, ko na biya ko sisi, ka zo ka riƙe mini madubi in aske gemun nan."

Gemun kuwa shekararsa goma sha biyu, kullum da mai da mataji. Shi ne tallar shagon. Ka tabbata kai ma abin da kake ƙauna ka ɗora.

3. Ka mayar da agogonka na kajin wasa

Waya na ƙara, ajiye komai. Wani dattijo ya taɓa zama da rabin kai a aske, ƙyalle ɗaure a wuya, yana kallon kansa a madubi.

"Ɗana, ɗaya gefen fa?"

"Minti ɗaya, Baba, kaji sun yi ƙwai."

Kada ka ji tsoro. Mai rabin aski ba inda zai je. Gobe ne dai ba zai dawo ba, gobe kuwa ba ta cikin darasin nan.

4. Ka kalli talla

Kowace talla tauraro ɗaya. Mai Aski ya kalli ta wata katifa har ya haddace waƙarta, yana rerawa a banɗaki, matarsa ta ɗauka katifar zai sayo.

5. Kada ka biya

Ranar ƙarshe da la'asar, saura masa tauraro goma, tallar ranar kuma ta ƙare. Sai saƙo ya fito da furanni a gefensa: ka jira awa goma sha biyu, ko ka biya kuɗin burodi ɗaya ka gama yanzu. Waɗanda suka ƙera wasan sun san inda ƙafar mutum ke gajiya, can suke ajiye kujerar haya.

Auta ya iso da madubinsa a hammata.

"Danna mana, Yaya. Wa zai gani in ba ni ba?"

Mai Aski ya lissafa. In ya biya, gemu ya tafi. In ya jira, gemu ya tafi. Ya kifa wayar, ya hau kujerar da bai taɓa zama a kanta ba, ya kunna inji. Auta ya zo da dariyarsa a shirye, amma ta ƙi fita. Ni da nake bakin ƙofa, wallahi tausayi ya kama ni.

6. Ka karɓi ladanka

Da safe tarakta ta zo, tana ƙyalli, halak malak. A safiyar ne kuma wasan ya cika shekara, aka ce duk sabon shiga a ba shi ita kyauta. Matar Mai Aski ta sauke wasan don ta ga abin da ya cinye wa mijinta gemu.

"Baban yara, wata mota suka ba ni mai ruwan zinariya. Ina ake dannawa ta tafi?"

Ya kai hannu zai shafa gemu, ya taɓa fata. Sannan ya nuna mata wurin dannawar.

Gargaɗi: marubucin nan ba ruwansa da gudun kwastoma, ciwon ido ko dariyar dangin mata. Wanda ya bi matakan nan ya zo da ƙorafi, ya koma ya karanta farko. Aljihu na yi wa alkawari, ban ce komai a kan haɓa ba.