Ƙara Masa Iska

Ranar da ƙanina ya aiko min da jirgin roba, irin wanda ake hura wa iska a tsaya a kai ana tuƙawa, ko abinci na kasa ci don ɗoki. Ya zo da ɗan famfonsa na hannu, amma na raina shi, na nufi wurin mai faci a tashar Gwarzo.

"Alhaji, ya isa fa," in ji shi.

"Ƙara masa iska! Robar nan ko tifa ta taka ta ba abin da za ta ji."

Ya ƙara har jirgin ya yi tauri kamar katako. Na ɗaure shi a saman mota, na ratsa tsakar rana har dam ɗin Kabo, inda masunta suka taru suna kallo. Abokina Malam Bulus ya taɓa shi ya janye hannu.

"Ya ɗau zafi, Alhaji. A rage masa."

Na yi masa lacca kan ƙarkon kayan waje, masunta na gyaɗa kai. Sannan na hau da shaddata, na miƙe tsaye ina ɗaga wa jama'a hannu. Wallahi daɗin, sai wanda ya hau!

Sai ji na yi fam! Gefen ya ɓare, jirgin ya naɗe kamar tabarma, hulata ta kama gabanta. Ruwan iya ƙugu ne, da ƙafata na fito.

Har yau in na tsaya duba taya, kafin mu gama gaisawa mai facin nan ya ɗago tiyo: "Alhaji, a ƙara?"