Yadda Za Ki Sa Majinyaci Ya Ce "Koyaushe"

Sabuwar nas, zauna, ba sauri. Shekara huɗu ina tura gadajen marasa lafiya a asibitin garinmu nan Alabama. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari makinki ba zai taɓa faɗuwa ba.

Mataki na 1: San inda albashinki ke fitowa

Majinyaci na komawa gida za a aika masa takarda: nas ta saurare ka? Amsa huɗu ce, daga "ko sau ɗaya" zuwa "koyaushe", amma "koyaushe" kaɗai gwamnati ke biya a kai. Shugabar sashenmu ta ce in makin ya sauka bana, nas ɗaya za ta tafi gida. Kowa ya waiga ya kalli Sista Vernetta, wadda ko murmushi ba ta iya ba.

Mataki na 2: Shuka masa kalmar a kunne

Ko matashi za ki gyara, ki ce, "Koyaushe muna tare da kai, Baba." Sau goma a wuni. Maganin ma ya biyo baya.

Mataki na 3: Kada ki ce a'a

Vernetta ta ce a'a. Mista Lemuel, tsohon direban tirela mai ciwon zuciya, ya ture kwanonsa.

"Yarinya, faten masara ba gishiri? Kare kika dafa wa?"

"Kare ya fi ka jin magana, Mista Lemuel. Tashi mu taka."

"Sai na rubuta ki a takardar nan!"

"To. Kana tafe kana shirya abin da za ka rubuta."

Kin ga yadda ake rasa aiki ke nan.

Mataki na 4: Kada ki ɓata lokaci kan 'yan jinya

Mu duk muna ta yabon gemun tsohon. Ita kuwa Vernetta ta jawo wa matarsa, Madam Odessa, kujera, ta kwashe rabin awa tana koya mata auna nauyinsa kowace safiya, da ƙwayar da zai sha in ƙafa ta kumbura. Madam Odessa ce a kwance? Asara.

Mataki na 5: Jira sakamako

In majinyaci ya dawo gado kafin kwana talatin, gwamnati za ta ƙara yanke wa asibiti kuɗi. Mista Lemuel bai dawo ba sai kwana na arba'in, da ƙafarsa, yana faɗa tun daga ƙofa.

"An cuce ni! Na ce matata ta zaɓi 'ko sau ɗaya', matar nan ta bi layi ta cika 'koyaushe' daga sama har ƙasa!"

Ashe shekara hamsin da aurensu bai taɓa buɗe wasiƙa da hannunsa ba. Shugaba ta ji, ta naɗe takardar sallamar Vernetta daga aiki da ke hannunta ta cusa a aljihu.

Vernetta ta dube shi. "Tunda ka zo, hau sikeli."

Ya hau.

Gargaɗi

Wadda ta bi shawarata aka sallame ta, babu hannuna. Ban sa suna a ƙasan takardar nan ba, kuma ranar Litinin ina hutu.