Kankanar da Shahata Bai Sa An Huda Ba

Shekarar da mijin Zakiyya ya rasu, wata huɗu da kwana goma ta yi tana takaba a hawa na uku, ƙafarta ba ta taɓa matakala ba. Kwandon igiyar da take zurowa ta baranda don karɓar cefane, kamar kowace mace a garin Damanhur na ƙasar Masar, kullum bayan asuba in ta ja sai ta ji nauyi: gurasa mai zafi da ƙullin dafaffen wake. Ba ta tambaya ba, ba a kuma gaya mata ba. Amma ta san takun taubashinta Shahata, ɗan gwaggonta, mai duba tikiti a jirgin ƙasa, wanda ke zaune a hawan ƙasa.

Shekara tara ke nan. Yanzu Shahata ya yi ritaya, mako uku cif, kuma in ba masallaci ba bai wuce bakin ƙofa ba. Matarsa ta hau sama ta gaya wa Zakiyya: mutum ya yi aski, ya ɗaura agogo, ya zauna bakin gado yana sauraren kukan jirgin ƙarfe bakwai. Tsofaffin unguwa sun ajiye masa kujera a shagon shayi na kan kwana, ya aika musu cewa bai mutu ba tukuna. Zakiyya ta saurara tana jan carbinta. Washegari bayan la'asar ta zuro kwando daidai tagarsa, ta aike shi sayen kankana. Amalanken Garib mai kankana kuwa a gindin shagon shayin yake.

Bai jima ba sai ga shi a ƙasan barandar yana amsa gaisuwarta: "...lafiya lau, 'yar kawu, sai zafi. Ja kayanki kafin igiya ta tsinke."

"Sannu da zuwa, sarkin zaman banza. Har ka dawo? Kare ne ya biyo ka?"

"Jirgina bai taɓa makara ba, ballantana aiken tsohuwa."

"Tsohuwa? Kai da ka cinye alewar yara ranar sunana?"

"Ƙarya kike! Ke fa aka ce kin kai wa maginan dalar Fir'auna ruwan sha."

"Na kai. A can na tarar da kai kana tambayarsu tikiti."

Ta ja kwandon da ƙyar, ta sa wuƙa, kankana ta rabe biyu. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta leƙo.

"Shahata! Ɗago kai."

"Mene ne kuma?"

"Kankana na aike ka ko cuku?"

Ta ɗaga rabin sama. Fara fat, ko alamar ja babu.

"Sabon iri ne, jahila. Don masu ciwon sukari ake nomawa. Tausayinki na ji."

"Allah ya saka. Ka sa ya huda?"

Shahata ya duba agogonsa.

"Da kai nake, ɗan gwaggo. Garib bai cika unguwa da ihu ba, 'Ja ce, a kan wuƙa'? Wa ke ɗaukar kankana a garin nan ba a buɗe mata 'yar taga an leƙa ba?"

"Na ƙwanƙwasa ta. Ta yi sauti mai daɗi."

"Kanka ma in aka ƙwanƙwasa zai yi sauti mai daɗi."

"In zaki ya tsufa, ko akuya sai ta ja masa gemu."

"Wane zaki? Shekara talatin da takwas kana huda tikitin bayin Allah daga Iskandariyya har Alƙahira. Mai barci ka tashe shi, mai cin abinci ka tsayar masa da loma. An ce har kazar wata mata ka nemi ta nuna nata."

"Zakara ne. Kuma kujera guda ya tare."

"To ga shi kankana ɗaya ta shige ka ba tikiti. Wanzami ba ya son jarfa!"

Shahata ya so ya yi dariya, dariyar ta maƙale. Ya matso ƙarƙashin barandar, ya rage murya.

"Suna zaune, Zakiyya. Duka. Milad tsohon direbanmu har ya ɗago mini hannu. Da na tsaya ana hudawa, da sun ce in zauna."

"Sai me?"

"Sai shi ke nan. Kujerun nan na san su. Wanda ya zauna a kai, makara ce ke tashinsa."

Maganar ta soki Zakiyya. Ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa cikin mako uku kacal. Ta damƙe carbi a tafin hannu, ta ƙi sassauta murya.

"Bakin gadon naka kuma an rubuta masa takardar tsira? Mutuwa ta san hawan ƙasa, ta san na uku ma, ni shaida ce. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Karɓi cukunka."

Kwando ya sauko har ya daki hularsa.

"Mayar masa."

"Wadda ba a huda ba, ba a mayarwa. Doka ce."

"Ashe ka san doka! Je ka yi masa muryar nan da kake yi wa masu ɓuya a bayan-gidan jirgi."

"Ba inda za ni."

"To zan rataye ta a baranda, in kira matan layin nan ɗaya bayan ɗaya, in ce ga cefanen babban ma'aikaci. Kafin Juma'a yara sun sa maka suna Baba Fara."

"Ke ba ki tsoron Allah?"

"Shi ya sa ba na cin ƙarya, ko ta kankana ce."

Ya tsaya yana huci. Can ya rungumi ɓari biyun, ɗaya a kowane hannu, ya miƙe titi yana ƙunƙuni. Zakiyya ta jawo kujera bakin baranda.

Ta ga Garib ya ɗaga hannaye sama yana rantsuwa. Ta ga tsofaffin sun taso kamar an watsa wa kaji tsaba. Milad ya gutsiri farar, ya tauna, ya tofar, ya dafe ƙirji. Masu cewa doka doka ce suna yi, masu cewa a dubi furfura suna yi. Sai wata murya ta keto ta saman duka, har hawa na uku: "Buɗe mu gani!" Muryar Shahata ce ta cikin jirgi, wadda gidan bai ji ba tun mako uku. Garib yana dariya ya huda ta farko, Shahata ya leƙa ya girgiza kai. Ya huda ta biyu, ya kore ta. Ta uku ya ɗaga 'yar tagar ya duba a hasken rana, gaba da baya, sannan ya gyaɗa kai. Ana cikin shewa wani ya tura masa kujera ta baya, gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Ya ɗosana a bakin-baki yana kallon agogo. Shayi ya zo. Aka zube ƙwayoyin wasan domino a tebur. Zakiyya ta ga ya gyara zama, ya jingina.

Sai da ladan ya gyara murya don magariba ta ji takunsa.

"Zuro, 'yar kawu!"

"Wa ke nan? Mu namu Shahatan mun yi masa addu'ar uku."

"Zuro, mayya, hannuna ya gaji."

Ta ja. Kankana ja wur, da tagarta a buɗe. A gefe kuma wani abu naɗe a hankici. Ta warware: ɗan ƙarfen huda tikiti ne, wanda ya saya da kansa tun farkon kama aiki, hannunsa ya suɗe don riƙo.

"Wannan fa?"

"Naki ne. Ke kika gaji aikin, ba mai wuce ki ba bincike." Ya fashe da dariya har da riƙe ƙofa. "Kin ci, Zakiyya, na sallama. Gobe kada ki aike ni bayan la'asar. Milad ya cinye ni sau biyu da zamba, sai na rama."

"Da hantsi zan aike ka. Tumatir. Ka ƙwanƙwasa shi da kyau."

Ya shige yana dariya, tana jin yana ƙwala wa matarsa kira ta kawo ruwan alwala.

Zakiyya ta ajiye ƙarfen kusa da dardumarta. Ranar da ta fita takaba, shekara tara baya, ta sauko don ta yi masa godiyar gurasa, ya tare ta a matakala da hularsa ta aiki a hannu, bai bari ta ƙarasa ba.

"Bar godiya, 'yar kawu. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da jirgi ya sauke ni, in kika ga na zauna, kowa lallashina zai yi. Ke kada ki ji tausayina. Ki yi ta tsokanata har sai na tashi."