A Gyara Min Su Sosai

Ni na cika baki cewa zan koya wa ƙananan likitocinmu ɗinkin jijiyar jini da zaren da ya fi gashi siranta, ba tare da shiga ɗakin tiyata ba. Ɗanyar cinyar kaza ta isa, domin jijiyarta kamar ta yatsan mutum take. Har shugaban sashe na gayyato.

Na biya Agege wurin Alhaji Sabo mai kaji, na ce, "Alhaji, cinyoyi nake so gobe, na likitoci ne. A gyara min su sosai."

Ya ce, "Likita, ba za ka ji kunya ba."

Washegari ɗan okada ya kawo kula a rufe. Na jera madubin ƙara girma, kowa ya sa safar hannu, na yi dogon jawabi cewa rashin dubawa ke kashe yatsa. Sannan na ɗaga murfi kamar mai buɗe kayan lefe.

Ƙamshin yaji ya game ɗakin. Gasassu ne, sun sha ƙuli, har da albasa a gefe!

Dakta Funke, wadda ta fi ni Hausar Agege, ta sa guda ƙarƙashin madubi, ta duba a tsanake, ta ce, "Oga, wannan majinyacin sai dai addu'a." Shugaban sashe ne ya fara cire safar hannunsa.

Har yau, in na kira darasi, sai wani ya leƙo: "Oga, da allura za mu zo, ko da burodi?"