Inda Takin Hajiya Shekara Ya Maƙale

"Lafiya lau, ɓarawon taki. Tashi ka ba ni kujera."

Haka Hajiya Shekara ta amsa gaisuwar jikanta Garba a biro, wato ofishin ƙungiyar manoman rake ta Matameye. Shi ke kula da injin da ke karɓar buƙatun manoma ta intanet, kuma yau da la'asar za a rufe rajistar taki. Sunan kowa ya fito ban da nata. Hankalin Garba ya tashi, don fadamar rakenta ce abincin tsohuwar, amma ina zai bari ta gane?

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma injina ba ya karɓar mai haƙori uku."

"Ukun nan sun cinye raken da ya fi ka tsayi. Nemo mini abina."

"Masu sunanki tara ne a ciki. Ina lambar da ta fito ranar da ƙanwata Nafisa ta cika miki a waya?"

Ta kwance bakin zane ta zaro takardar da aka rubuta lambar, an naɗe goro da ita.

"Duk buƙatar da ta shigo, injin na liƙa mata lambarta ita kaɗai, ko'ina ta bi a gan ta," in ji Garba.

"Karatun da aka kai ka Damagaram ke nan? Kajina kowace da ƙyallenta a ƙafa tun ubanka na rarrafe. Dabarata ka sata ka jona mata lantarki."

Ya buga lambar a ordinatar, wato kwamfuta, ya bi sawunta. Ta shigo ran Talata, ta tsaya cik a gurbi ɗaya.

"Ga inda ta maƙale. Babu sunan miji. Faɗi in rubuta."

Da gangan ya yi. Shekara hamsin ba ta taɓa kama sunan marigayi mijinta ba, kuma sunan ne aka mayar wa Garba, shi ya sa take ce masa Maigida.

"A bakina? Gara raken ya bushe."

"To, babu taki."

Ya fara jin kunya. Sai ta harare shi.

"Wa ke cinye mini tuwo kullum bai taɓa kawo ko daddawa ba? Rubuta sunan wannan ragon mijin."

Garba ya rubuta sunansa, injin ya karɓa. Ya kwashe da dariya.

"Kin ci, amarya."

Ta fasa goron ta miƙa masa ɓari ɗaya.

"Ɗayan sai taki ya iso fadama, Maigida."