Yadda Ƙarar Kibod Za Ta Hana a Kore Ka

Kai ma'aikacin ƙungiyar agajin nan ta GRA, labari ya iso ni: wata mai zuwa za a rage ma'aikata, kai kuwa rabonka da aikin kirki tun azumi. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na lamunce maka kujerarka.

1. San shugabarka
Madam Lauratu ba ta leƙa ofishinku. Katako ne kawai tsakaninku, da kunne take auna ƙwazo. To, kunnen za ka yi wa aiki.

2. Ture kibod ɗin ofis
Mai roba ne, ɗan araha, danna shi kamar danna tuwon jiya. Ko rahoto ɗari ka buga, ba mai ji.

3. Zaɓi launi
Je shagon Maikuɗi mai kayan kwamfuta, ka sa ya ɓalle maɓalli ɗaya na sabon kibod ka ga launin abin da ke ƙasansa. Ja sulɓi ne da shi, ba hayaniya. Na masu aikin gaske ne, ba ruwanka da shi. Ruwan ƙasa yana ɗan tokare yatsa, ƙararsa ƙasa-ƙasa, munafuki ke nan. Akwai ma mai tsada da aka ƙera don kada ya yi ƙara sam. Ka ji fa, mutum ya ƙara kuɗi don a kore shi! Kai shuɗi za ka ɗauka: ƙas-ƙas-ƙas kamar ana ɓarar gyaɗa, kuma ɗan China bai kai kuɗin shaddar Sallah ba.

4. Buga komai
Sunan ƙauyenku ma ya isa. Jefi-jefi ka ja tsaki, ka daki babban maɓallin.

5. Kunnenka na kan janareta
A nan aka yi asarar Dzarma, ɗalibina mafi hazaƙa. Ka san tun da aka kayar da turakun wuta, da janareta ofis yake rayuwa. Rannan mai ya ƙare. Dzarma ya toshe kunnuwa yana kallon ƙwallo a waya, hannun dama na ta aiki. Kwamfuta ta mutu, fanka ta tsaya, ofis ya yi tsit, sai shi kaɗai ƙas-ƙas-ƙas. Madam ta zagayo, ta daɗe tsaye a kansa tana kallon baƙin allo, sannan ta taɓa kafaɗarsa.

"Dzarma, in ka gama ka turo mini."

Wallahi na tausaya masa, 'ya'yansa uku.

Togaciya
In an kore ka, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Sai dai kafin ka je wurin Maikuɗi, biyo ta wajena. Na Dzarma yana hannuna, ya ce a sayar masa ya biya haya. Shuɗi ne, rabin kuɗi, kuma an shaida yana aiki ko ba wuta.